Ba Zan Kira Maryam Gida Ba

Dutsin-Ma, Laraba, farkon watan Rajab.

Zuwa ga matata Hajiya Hadiza, Allah Ya haskaka kabarinki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wadda ta riga mu gidan gaskiya, ina sanar da ke cewa har yau ban huce da waɗanda suka dawo da mu daga Ingila ba. Kin sha ce mini in bar zancen, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma wannan ta hannun Yaya Isa ta biyo. Shi ya matsa, wai ƙasa na jiran masu ilimi irina. Na dawo da digiri biyu, ƙasa ta ba ni kujera a ƙarshen baranda. A kanta na tsufa, ina ɗaga wa yaran da na koyar hannu suna wucewa cikin motoci.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Autarki Maryam ta sauka lafiya a Kanada, inda mijinta Kabiru ke karatu. Mace aka samu, kuma sunanki aka sa mata.

Ranar suna ƙanwata Asabe ta zo daga Kurfi da ayarin mata, aka kira su Maryam ta waya don a ga jaririya. Sai ga Kabiru a tsaye gaban murhu, ya ɗaura tawul a kafaɗa, yana dama kunu. Maryam kuwa daga kan gado ta kira sunansa gatsal, ya zo ya gaida su Gwaggo. Asabe ta kife wayar a kan tabarma kamar ta taɓa garwashi.

Tun daga ranar dangi ba su bar ni na sha ruwa ba. Sun ce a dawo da yarinya ta yi wankan jego a gida, ta zauna har mijin ya gama karatu, tun kunya ba ta gama zubewa ba. Ni suke jira in yi umarni. Kuma na san idan na ce ta taho, za ta taho, don ta gaji. Tana kuka a waya: sanyi, duhu tun la'asar, ba mai leƙowa ya ce mata sannu.

Na san wannan kukan, Hajiya. A bakinki na fara jin sa.

Kin tuna makonmu na farko a Ingila, a ɗakin nan na saman bene? Kin share, kin shimfiɗa darduma, kin zauna jiran maƙwabta su zo yi wa baƙuwa barka da zuwa. Ko kyanwa ba ta shigo ba. Da kika gaji da jira sai kika zuba tuwo a kwano kika sauka wurin tsohuwar da ta ba mu haya. Kafin mu bar ƙasar, ita ke tambayarki yaushe za a sake miyar kuka.

Kukar ma da bakin cokali kike auna ta, kina cewa wanda ya yi nisa da kasuwar Kurfi ba ya cika miya da kauri.

A asibiti, lokacin cikin fari, ma'aikaciya ta tambaye ki sunan mijinki. Kika sunkuyar da kai, kika nuna ni da yatsa. Ta ɗauka ba ki jin Turanci, ta shiga yi miki magana kamar yarinya, ke da kika koyar da aji kafin aurenmu. Na so in yi mata bayanin cewa a wurinmu mace ba ta kama sunan miji, na ga bayanin ya fi tambayar tsawo.

Ba a daɗe ba cunkoso ya raba mu a tashar jirgin ƙasa. Ina ta waige, sai na ji an ƙwala "Lawal" daga bayana. Ban taɓa jin sunana a bakinki ba sai ranar. Da na iso kin rufe fuska da mayafi kina dariya. Daga nan ba ki daina ba.

Da kika haihu, ni ne ungozoma, ni ne gwaggo. Na tafasa ruwa safe da yamma, babu ganyen darbejiya, da tawul muka yi. Na dama miki kunun kanwa, kika ce ko akuya ba za ta sha ba, kuma kika shanye. Ba wanda ya lalace. Yaron da aka yi wa wannan jegon shi ke limanci a unguwarsu yanzu.

Sannan muka dawo. Tun daga ƙofar gidanmu na Kurfi mata suka janye ki ciki, maza suka zaunar da ni a zaure. Washegari na koma Malam a bakinki, daga baya Alhaji. Ba wanda ya yi mana mugunta. Kin riƙe ni da mutunci har ranar da kika tafi, duk garin nan shaida ne. Amma yarinyar nan ta tashar jirgi, ban sake haɗuwa da ita ba.

Don haka na ba Asabe amsa jiya, a gaban kowa: Maryam tana ɗakinta. Asabe ta ce boko ya cinye ni. Na ce bokon da ƙasa ta ƙi amfani da shi, bari ya yi wa 'yata rana ko sau ɗaya.

Ita kuma Maryam na gaya mata abin da na gani a wurinki. Kada ta jira a ƙwanƙwasa mata, ta zuba abinci ta ƙwanƙwasa. Ta bar Kabiru ya ƙona kunu har ya iya. Sanyi zai wuce, kukan ma haka. Ba ni da shakka a kansu, don jininki ne a jikinta, kuma yaron yana da haƙuri. Idan sun dawo wata rana, su dawo da ƙafarsu, ba don wani tsoho ya kira ba.

Na san abin da hakan zai ci mini. Gwiwoyina ba na hawa jirgi ba ne yanzu, takwararki za ta yi wayo tana ganina a waya kawai. Na ɗauka.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki, Ya raya takwararki bisa imani. Allah Ya bar Maryam da mijinta a inuwa ɗaya, Ya haɗa ni da ke a gidan da ba a raba zaure da cikin gida.

A can Ingila kwano ɗaya muke ci, ni da ke. Tun da muka dawo har kika rasu, ba mu ƙara ba.

Mijinki,
Lawal