Taragon Uku Na Jiranka

Baba,

Na fita aikin asuba, ban tashe ka ba. Jiya na dawo na tarar ka yi barci, labari na ta ci na.

Jirgin ƙasa ya dawo tasharmu! Bayan shekara huɗu! Shi na hawo. Kuma taragon uku na nan yadda ka san shi, na masu waƙar coci. Mama Dikeledi ce har yanzu ke jan waƙa, tana dukan bangon tarago da tafin hannu. Tana ganina ta ce, "Ke Thandeka, ina tsohon nan mai muryar ganga? Ko ya fi ƙarfinmu ne?"

Sun ɗauko waƙar da kuke yi da marigayiya Mama. Da aka zo wurinka sai suka yi shiru, babu wanda ya karɓa.

Na goge maka farar riga. Ka bar kwat ɗin nan, sanyi ya tafi, itacen da Mama ta dasa ma ya yi fure. Jirgin ƙarfe bakwai ne.

Na ce musu za ka zo. Kada ka maishe ni maƙaryaciya, Baba.

Thandeka