Ƙwarin ruwa sun daina goyon ƙwai

Daren Litinin, tsakiyar bazara. Maradun.

Yau ma na tace ruwan dam da tsohon ɗankwalin Inna, na zuba a kwalba, na ɗaga ta ga rana. Ƙananan ƙwarin nan da 'ya'yan tarwaɗana ke ci suna nan, amma kaɗan ne, kuma babu mai ƙwai ko ɗaya. Bara in na duba sai in ga ƙwai manne a bayansu kamar goyo. Bana yawo kawai suke yi, bayansu wayam.

Ruwan gaɓa tun da hantsi kamar an ɗora shi bisa wuta. Malamin gona da ya zo daga Bakura ya tsoma hannu ya ce, "Samari, ba kai kaɗai ba ne, har teku haka abin yake. In ruwa ya yi zafi ba su yin ƙwai sosai, wanda suka yi ma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba." Da ya ce laifina ne da na fi jin daɗi, don nawa zan iya gyarawa. Wa zai kafa wa teku rumfa?

Na rufe ramin kifina da zana, duk da haka na kwashe matattun 'ya'yan kifi cike da ludayi. Yunwa ce. Bakinsu bai kai cin dusa ba.

Baba ya leƙa ramin ya ce, "Kifin ga ya ƙiya. Gobe Talata, ka biyo ni kasuwar Mafara ka koma fawa." Bayan la'asar na nemo wuƙata ta fawa na wasa ta.