Rigar Shaho

Zuwa ga yayata Idoniya, uwar sabon sarkin Ingila. Gaisuwa da fatan alheri.

Yaya, kin ci yaƙi, ɗanki ya hau gado, na kasa ɗora nawa. Ba gafara nake nema ba. Kan ɗana Hamon yana soke a ƙofar arewa, hankaki na sauka a kansa, gangar jikinsa kuma tana wurina a coci. Ki sa a sauko min da shi in haɗa in binne. Tun yana shekara bakwai na aiko miki shi riƙo, a gidanki ya koyi hawan doki. Ki tuna wannan.

Ƙanwarki, Sibila.

*

Zuwa ga Sibila. Gaisuwa.

Yau kika san hanyar aiko manzo? A ƙofar nan kan mijina ya shekara lokacin da garin ke hannunki. Na roƙe ki, kika ce wa ɗan aikena ba mata ke wannan magana ba.

Kuma ki daina zagin mutanena a bakin limamai, ba su suka kashe ɗanki ba. Sarki ya sa a kafa kan, amma gawa suka tarar. Yaron ya fito cikin hazo sanye da rigar da na ɗinka masa, mai farin shahon gidana a ƙirji. Dakarunki suka ɗauka namu ne, suka sare shi. Wane wawa ya bar shi ya fita da ita?

Allah ya ba ki haƙuri. Idoniya.

*

Yaya, ina gaisuwa.

Ni ce. Da hannuna na sa masa ita bisa sulke. Ya ƙi, ya ce abin kunya ne, na ce masa: "Innarka ba za ta bari a taɓa mai shahonta ba." Mutanenki nake tsoro, ban tuna da nawa ba. To kin ji, ki yi dariya ki ƙoshi. Sai ki ba ni kan ɗana.

Sibila.

*

Sibila, na gaishe ki.

Ban yi dariya ba. Jiya na sa an sauko da shi, ni na wanke shi, na binne shi kusa da mijina. Ni na raine shi, ke yaƙi kika tura shi. Ki aiko da sauran jikin, da rigar. Ke kada ki zo.

Ki huta lafiya. Idoniya.