Ɓarawon Da Ke Gyara Wa Matata Rubutu

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ina gaida masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, masu sharhi kuma a sassauta min, domin babu zagin da za ku yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar nake buƙatarta.

Ni magidanci ne, ma'aikacin gwamnati, muna zaune a Abakpa da matata da yaranmu. Hausa na karanta a jami'a, kuma ba yabon kai ba, in dai ƙa'idar rubutu ce babu mai ja da ni a ofishinmu. Na daɗe da buɗe wasiƙar mako-mako, irin wadda mutum zai biya kuɗin wata a riƙa tura masa ta imel, ina sharhi a kan harshe da adabi. Wallahi na zuba ilimi a ciki. Amma masu karanta ni ba su wuce abokan aikina da suka shiga don kara ba, su ɗin ma na san ba buɗewa suke yi ba.

Matata, mu kira ta Maman Ilham, iyakarta sakandare. Wata rana ta ce min, "Abban Ilham, ni ma ka buɗe min irin abin nan naka mana, in riƙa rage zaman banza." Na yi dariya na buɗe mata, ni na ma raɗa wa abin suna Wasiƙar Asabar, ina ganin mako biyu za ta yi ta gaji. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Me take rubutawa? Hirar da ta ji a cikin napep, rigimar layin famfo a Unguwar Shanu inda ta tashi, yadda ake ceto miyar da gishiri ya yi wa yawa, kewar mahaifiyarta da ta rasu. Ga rubutun babu kan gado: "na ce" sai ta haɗe shi ya koma "nace", ƙofa ta rubuta "kofa", babu ruwanta da lanƙwasar ƙ ko ɗ ko ɓ. Amma mutane suka yi ta tururuwa. Suna biya, suna jira, suna da guruf nasu na waya inda suke tattauna kowace wasiƙa kamar labarin gidansu. Asabar ɗin da zazzaɓi ya kwantar da ita ba ta tura ba, mata har gida suka zo duba ta da kulolin abinci. Ni da na taɓa yin wata guda ban tura tawa ba, ko mutum ɗaya bai tambayi ko lafiya ba.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne a wurin wani ɗaurin aure. Wani mutum ya riƙe hannuna gam yana fara'a, ya ce, "Ashe kai ne mijin mai Wasiƙar Asabar! Malam, iyalina ba ta ɗora tukunya ranar Asabar sai ta karanta. A gaishe mana da ita." Mijin mai wasiƙa? Ni? Ni da na koya mata inda ake dannawa a tura? Na yi yaƙe na ce za ta ji, amma har na isa gida maganar tana cin raina. Ban isar da gaisuwar ba.

Anti, ga abin kunyar. Na sayi sabon layi, na shiga guruf-guruf na karatun kyauta, na fara kwafe wasiƙarta ina watsawa duk mako, a ofis, lokacin da mutane suka fita cin abinci. Nufina masu biya su ga ana rabawa a banza su janye, ta dawo daidai da ni. Sai dai hali zanen dutse. Duk lokacin da na kwafo, idona ba ya iya wuce kuskure. In ga "yace" in raba shi, in ga "dan" in mayar da shi "ɗan", in zuba waƙafi inda ya dace. Ban ma ɗauki hakan a bakin komai ba, hannuna ne kawai yake yi.

Kuma abin ya ci. Wasu suka daina biya, wata har ta rubuta mata cewa ba za ta sayi abin da ake rabawa a titi ba. Maman Ilham ta yi roƙo a guruf, ta haɗa mai fitarwa da girman Allah, ta yi kuka a gabana, ni kuma ina ba ta haƙuri ina cewa mutanen yanzu ba su da amana. Zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba: na ji daɗi. Abin da ya ɓata min daɗin shi ne ainihin masoyanta ko gezau ba su yi ba, wasu ma biya suka riƙa yi wa waɗanda suka fita. Wace irin ƙauna ce wannan? Me take ba su wanda ni ba ni da shi?

Ranar Lahadin makon jiya da hantsi, ina karyawa, ta zo ta zauna kusa da ni da waya a hannu. Wata ta turo mata kwafin da ke yawo, ta jera shi da nata tana dubawa.

Ta ce, "Abban Ilham, duba nan. Ni 'kasa' na rubuta, nan kuma 'ƙasa' ce. Ɓarawon nan har gyara min rubutu yake yi."

Na ajiye kofin shayin. Na ce, "Ƙila waya ce take gyarawa da kanta."

"Wace waya? Mutum biyu kawai na sani a duniya da ba sa iya ganin kuskure su ƙyale. Kai da Malama." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai kuwa mijina ne."

Malamar da take nufi wata dattijuwa ce a Kurmin Mashi, tsohuwar malamar Hausa da ta yi ritaya. Ita ce bare ta farko da ta fara biyan kuɗin wasiƙar, 'yata take kiran matata, kuma takan yi mata gyara a guruf cikin raha, ta ce, "'Yata, a sa wa ƙofar nan ƙugiyarta." A ranar Maman Ilham ta cire ta daga guruf, ta daina tura mata. Baiwar Allah ta kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba. Ta turo saƙon murya, na ji da kunnena, tana cewa, "'Yata, in wani laifi na yi, ki faɗa min in nemi gafara. Asabar ɗina babu daɗi."

Ni kuma tsoro ya kama ni, wasiƙar Asabar ɗin da ta wuce ban fitar da ita ba. Ashe ramin na ƙara zurfafawa. Matata ta zo tana cewa, "Ka gani ko? Tunda na cire ta aka daina." Na ce ta bar wa Allah, zato zunubi ne. Ta ce ai wannan ya wuce zato, kuma in ta yi shiru sauran masu karatu za su ci gaba da zargin junansu. Ta riga ta rubuta wasiƙar wannan makon, a ciki ta ambaci sunan Malama da unguwarsu, ta ce ita ce ta ci amanarta. Matan da za su karanta sun san Malama, wasu ɗalibanta ne, wasu tare suke zuwa Islamiyya.

Jiya ta turo min wasiƙar a wayata. Ta ce, "Ban taɓa roƙonka ka duba min rubutu ba, don na san kana ganin shirme nake yi. Amma wannan ka gyara min shi tsaf, kada ta samu ko ɗigo ɗaya da za ta gyara. Kai kaɗai na yarda da kai."

Anti, in na yi shiru, tsohuwar da ba ta ci ba ba ta sha ba za ta rasa mutuncinta, kuma da hannuna zan gyara takardar. In na koma fitarwa don a wanke Malama, to saura mutum ɗaya a lissafin matata. In kuma na faɗa mata gaskiya, da wane ido za ta sake kallona, ni da na riƙa share mata hawayen da ni na jawo? Ina son matata, wallahi ina son ta, amma ko yanzu da nake rubuta muku wannan, in na tuna yadda ake jiran wasiƙarta sai hassadar ta sake taso min. Yau Alhamis, ɗazu ma ta kira ni a ofis tana tambaya ko na gama.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?