Zuwa Ga Wanda Ya Binne Ni a Jarida

Dingaya, Gwaram
Yuni, 1979

Zuwa ga ɗana Haladu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka basira, don na ga kana bukatarta. Mutanen gida kalau. Mahaifiyarka Kubra ta warware daga firgitar da ka jefa ta. Ni ma an sallamo ni daga asibitin Birnin Kudu, kuma da ƙafata na dawo, ko da yake jaridarka ba haka ta ce ba.

Bayaninka ya iso. Wai a jami'a an mayar muku da aji ofishin jarida, an jera tafireta, an naɗa wani yaro edita, malaminku na riƙe da agogo yana cewa kowa ya ƙirƙiro labarin rasuwa kafin lokaci ya cika. Wai gwaji ne kawai. Wasan 'yar tsana dai na masu gemu. Duk faɗin ƙasar nan ba ka sami wanda za ka kashe ba sai ni, da sunana da na garinmu, har da cewa an yi jana'iza. Sannan don a ga sunanka da bugun inji, ka ba direba takardar ya kawo wa uwarka, wadda ka san ba ta karanta boko.

Ran kasuwar Gwaram ta kai wa mai karanta wasiƙu, shi kuwa ya ɗaga murya yadda ya saba. Ka manta a nan ba a musu da abin da inji ya buga? Ina kwance a asibiti ana zaman makokina a ƙofar gida. Wannan duk mai sauƙi ne. Alhaji Buba, wanda nake noma gonarsa aro tun ba a haife ka ba, ya yi mini addu'a, ya ba wani gonar don damina ta faɗi. Da na je wurinsa ya rungume ni ya ce ya yi murna, amma mutumin ya riga ya shuka, ba zai sa a tone iri ba.

Ka ce malaminku ya yaba, kai ka zo na ɗaya. Madalla. Da geron gonar nan ake yi maka guzuri tun da ka fara karatu. In za ka zo hutu ka taho da sauran jaridun, sai a tuƙa mana tuwo da su.

'Yan'uwanka Batulu da Hapsatu suna gaishe ka. Ka gai da abokinka Manu in kun haɗu.

Ni ne baffanka,
Marigayi Barau