Baƙon da Na Shigar Madina

Harra ta Gabas, Madina
Safar, 1400

Yaya Ƙaltume,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ɗanki Ɗanlami yana nan ƙalau, yana haɗa wayar lantarki a otel ɗin da ake ginawa a Anbariyya.

Kin ce tunda kamfanin na mutanen Italiya ne, kakarmu ta yanke saƙa, don Bature ba ya talauci. Haka mutanenmu da yawa ke zato, ni ma da haka na ɗauka. Abin da ya sa suke ji da Ɗanlami shi ne, wanda ba Musulmi ba ba ya wuce allon iyakar harami. Suna zaune a sansaninsu bayan gari, shi ke shiga ya yi musu aikin.

A can ya haɗa ni da Gaetano, saurayi ɗan Napoli, injiniyan lantarki. Ya ce shekaru ya yi da digiri a hannu yana zaman kashe wando, don a garinsu sai ɗan siyasa ya sa baki ake samun aiki. Babansa ya kai wa wani ɗan takara ƙuri'un danginsu kaf bisa alkawarin aiki, da aka ci zaɓe ko ƙofa ba a buɗe musu ba. Ga yajin aiki, ga harbe-harbe, ga tsada. Uwarsa da ƙannensa shi suke kallo, kuma kwantiraginsa ya kusa ƙarewa.

Yaya, yaron nan ya nemi in koya masa Musulunci. Duk Juma'a bayan La'asar nakan same shi a shagon shayi bayan allon. Ban taɓa samun ɗalibi mai kaifin kai irinsa ba. Ki taya mu addu'a.

Ƙaninki,
Ja'afaru

Harra ta Gabas
Shawwal, 1400

Yaya Ƙaltume,

Ina gaishe ki, da fatan an yi Sallah lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu. Ɗanlami zai dawo gida kafin Hajji.

Ni na tsaya wa Gaetano shaida a mahkama, gaban alƙali, ranar da ya musulunta, ni na raɗa masa suna Idrisa. Matata Raliya ta yi tuwo, muka tara maƙwabta. Da hannuna na riƙe shi muka wuce allon nan har Masallacin Annabi, ina hawaye. Ɗanlami kuwa ya zaga da shi otel ɗin, ya nuna masa kowace waya.

Wata bai cika ba suka ba shi gurbin Ɗanlami. Me za su yi da ɗanmu, ga nasu yana shiga gari? Sun janye kafala, wato tsaya masa da suka yi, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta faɗi. Na bi titin Sultana shago-shago, ban samu wanda zai karɓe shi ba.

Na je na tambayi Idrisa ko ya san haka za ta faru. Bai musa ba. Ya ce tun kafin ya nemi karatu manajansu ya gaya masa musulunta ce kaɗai hanyar da za a sabunta masa kwantiragi, in ba haka ba sai komawa Napoli, kuma ya san abin da ke jiransa can. Ya rantse daga baya abin ya shiga zuciyarsa. Na ce masa abin da ɗan takara ya yi wa babansa, shi ya yi mini, sai dai ni ɗan 'yar'uwata na kai masa, ba ƙuri'a ba.

Yanzu a Masallacin Anbariyya yake sallah. Ranar Talata sahu ya haɗa mu, ƙafarsa na taɓa tawa, yana karanta Fatihar da na koya masa. Da aka sallame ya miƙo hannu, na ba shi yatsuna kawai.

Na ɗaga hannu in kai ƙararsa wurin Allah, na rasa abin da zan roƙa a kan wanda na shigo da shi. In ke za ki iya, ki gwada, ki rubuto mini me kika ce.

Ƙaninki,
Ja'afaru