Ajiyar Malam a Jiga Birni

Jega Firchin,
Jega.

Zuwa ga ɗiyata Lubna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa ga ɗiyarta, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sadiq da ɗan angona Imran. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a garin da kuke baƙunta, Ya ba mu haƙurin rashin da muka yi. Babanku kuma Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa can ta fi masa nan.

Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa. Kumburin ƙafata ya sauka, har ina iya yin salla a tsaye. Yayanki kullum sai ya biyo kafin ya wuce kasuwa, ƙanwarki Bushira kuma ta dawo ɗakina da kwana. Kawunki Waliyyu ya zo daga Maiyama da gero da ɗan man shanu, ya yini. Masu gaisuwa sun fara raguwa, gidan ya yi shiru. Da la'asar nakan ji ƙarar babur a bakin layi in ɗaga kai, sannan in tuna. Babur ɗin babanku yana nan a zaure, yayanki ya rufe shi da tsohon bargo.

Na zaɓi in rubuto miki ne domin duk lokacin da muka yi waya, ke kuka ni kuka, sai mu ajiye ba a faɗi abin da ake son faɗa ba. Lukman direba zai kai albasa kudu, ta Ilorin zai bi, shi zai kawo miki wannan takarda da wani saƙo. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatun Innarki ya tsaya.

Sadiq ya gaya wa yayanki cewa kin rubuta takardar ajiye aikinki na koyarwa a kwalejin, kina jiran Litinin ki miƙa, ki taho ki zauna da ni har in fita takaba. Ya ce shi bai hana ki ba, amma jarrabawar ɗalibanki ta kusa, kuma ba ki daɗe da fara aikin ba, in kika fita a haka ba za su sake karɓar ki ba. Na san abin da ya jawo. Gwaggonki Amariya da bakinta ta faɗa mini ta kira ki, ta ce wace irin ɗiya ce za ta bar uwa kan tabarmar makoki tun ranar sadakar uku, don kawai a ce mata malama. Na san maganar ta zauna miki a zuciya. Ita ma ɗan'uwanta ta rasa, zafin ne ya fito ta bakinta. Amma kafin ki miƙa takardar nan, ki zauna ki karanta tawa har ƙarshe.

Shekarar da aka ɗauki babanku koyarwa a kwalejin kiwon lafiya, ina goyon yayanki, ya dawo gida da takardar yarjejeniyar aikin a cikin leda don kada gumi ya taɓa ta. Ya zauna bakin tabarma ya ce sai na saurara, wai ni ma ta shafe ni. Yana karantawa da Turanci yana juya mini da Hausa. Zai shiga aji a kan lokaci. Shi zai tsara jarrabawa, ya tsaya a kanta, ya duba takardun da hannunsa. Idan an tura ɗalibai koyon aiki a asibitocin ƙauye, sai ya bi su ya ga aikinsu da idonsa kafin ya ba da maki. Ba zai yi tafiya ana tsakiyar karatu ba sai da izini, ba zai bar aiki ba sai ya sanar tun da wuri. Kuma ba zai karɓi komai daga hannun ɗalibi ko iyayensa ba. Na ce masa wannan ai ta fi sharuɗɗan aure tsauri. Ya yi dariya ya ce shi ma aure gaban shaidu aka ɗaura shi, wannan kuwa shaidunta yara ne da ba su ma iso makarantar ba tukuna. Na tabbata taki takardar ba ta rasa irin waɗannan maganganu.

Kin tashi kin ga yadda ya riƙe ta. Kin tuna da damina, in ya dawo daga duba ɗalibai a Karaye, laka har gwiwa, takalmi a rataye a kan babur, yana shigowa yana cewa a ba shi ruwan zafi kafin a tambaye shi labari? Kin tuna yadda yake shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida bayan la'asar, ya tara takardun jarrabawa ya danne su da dutsen guga saboda iska? Ke ce mai riƙe masa marfin jan biro, kina hana kaji hawa tabarma, yana ce miki ƙaramar malama. Bikin ƙanwata a Maiyama bai je ɗaurin aure ba, ranar ta faɗo kan jarrabawa. Sai da yamma ya iso, an gama komai. Kakarki ta ce a zuba masa ƙanzo, shi ne rabon wanda ya makara. Ya cinye tas, ya ce bai taɓa cin ƙanzo mai daɗinsa ba. Ranar na ji haushinsa ƙwarai. Yau da zan same shi ya makara haka, da na ba shi tukunyar gaba ɗaya.

Amma abin da nake son ba ki labari shi ne na albasa. Kina ƙarama lokacin, ba za ki tuna ba. Akwai wata ɗalibarsa Zinatu, ɗiyar Alhaji Malami, manomin albasa a Jiga Birni, can ƙasar Aliero. Ana gab da tura su koyon aiki, Alhaji ya aiko da buhun albasa cike har baki, irin mai ja mai kauri, aka sauke a zaure Malam babanku ba ya nan. Kin san mutanenmu na wajen Aliero, in sun cire albasa sai kowa nasu ya ɗanɗana, limami da ungozoma da malamin yara. Ba cin hanci yake nufi ba, girmamawa ce. A ranar ko ƙwaya ɗaya babu a gidan. Na kwance bakin buhu na ɗebi kaɗan na yi miyar kuka, har ina waƙa.

Da Malam ya dawo ya ga buhu, ya tambayi wanda ya aiko, na gaya masa. Tuwon ma bai ci da daɗi ba. Na ce masa mayar da kyauta a ƙasar nan zagi ne, mutumin nan dattijo ne, ina zai sa fuskarsa. Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai aika kowa ba, da kansa zai kai. Washegari ya shiga kasuwar Jega ya sayo albasa daidai wadda na ɗiba, ya cusa a buhun, ya ɗinke bakin, ya ɗaure a bayan babur. Na ce masa kai kaɗai ne a duniya za ka sayi albasa a Jega ka kai Aliero. Ya ce to a rubuta masa wannan a tarihi.

Ya gaya mini ya durƙusa har ƙasa ya gaida Alhaji, ya ce ya gode, kyauta ta karɓu, amma ya sa hannu a kan ba zai karɓi komai ba matuƙar Zinatu tana ajinsa. Ya roƙe shi ya ajiye masa buhun, ranar da ta daina zama ɗalibarsa zai zo ya ɗauki kayansa. Alhaji ko ruwa bai sa an kawo masa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da Malam ya je Karaye duba Zinatu, ya tarar ba ta ƙware da allurar yara ba, tana rikita awon magani. Ya zauna ya nuna mata, ya koma wani mako ya sake dubawa, bai gamsu ba. Ya rubuta sai ta maimaita. Ɗiyata, ki zo ki ji magana. Aka ce girman kai ne, aka ce boko ya cinye masa kunya, aka ce ya wulaƙanta uba ya kuma kayar da ɗiya. Gwaggonki ɗin nan tana cikin masu cewa ya ja wa dangi baƙin jini a kan albasa. In sun haɗu da Malam a kasuwa Alhaji sai ya juya kai. Abin yana damun Malam, na sani, don yakan daɗe zaune a zaure bai shigo ba. Sau ɗaya kawai ya yi mini maganar. Ya ce yaran da za ta yi wa allura ba su da buhun da za su kawo masa. Zinatu ta maimaita, ta ci, ta fita. Shi kuma bai taɓa komawa karɓar ajiya ba, yana ganin zuwansa zai tayar da tsohon ciwo.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, yayanki ya shigo ya ce ga wani tsoho a zaure daga Jiga Birni, ya zo gaisuwa. Na matsa bayan ƙofa muka gaisa. Alhaji Malami ne, ya tsufa ƙwarai, muryarsa har rawa take. Ya yi wa Malam addu'a mai tsawo. Sannan ya ce ya kawo ajiya. Ya ce duk shekara in ya cire albasa sai ya ware buhu ɗaya ya ce na Malam ne, kunya ta hana shi kawowa, har sai ta fara tsiro ya rabar. Ya ce tun ranar da aka mayar masa da buhun ya juye shi don haushi, sai ya ga wasu 'yan ƙwayoyi da ba na gonarsa ba, ƙanana, fatarsu ba ta kai tasa ja ba. Nan ya gane an ɗiba an biya. Ya ce tun ranar ya san irin mutumin da ke koyar da ɗiyarsa, zuciya ce kawai ta ƙi sauka. Har ya ɗan yi dariya ya ce Malam ya iya karatu amma bai iya zaɓen albasa ba, an cuce shi a kasuwa. Na yi dariya ina hawaye, karo na farko ke nan tun rasuwar.

Zinatu ma tare suka zo. Ita ce ke riƙe da asibitin Karaye yanzu, mace sosai, da 'ya'yanta. Ta shigo ɗaki ta zauna kusa da ni, ta duba ƙafata ta ce in rage gishiri. Ta ce har yau in ta ɗauki allura sai ta ji kamar yana tsaye bayanta da lakar hanya a ƙafarsa. Gwaggonki tana zaune tana ji, sai ta tashi ta kawo wa baƙi fura da kanta.

Lubna, ba zan ɓoye miki ba, ina kewarki. Cikinku ke ce kika ɗauko tafiyarsa da yadda yake gyara murya kafin ya yi magana, in na gan ki sai in ji sanyi. Da son raina zan bi, da na ce ki taho gobe. Amma akwai yara can da iyayensu suka sayar da abin gona suka tura su, suna jiran ki gama da su, kuma kin sa hannu kin ce za ki gama. Kin zo kin raka babanki, kin nemi izini an ba ki, kin koma da izinin ya ƙare. Ba ki yi laifi ba. Da yana da rai, da kansa zai kai ki tasha. In kika ajiye aikin nan saboda ni, kullum na dube ki zan ji kamar ni na kwance abin da ya yi shekaru yana ɗaurawa. Maganar mutane kuwa na gan ta da idona, ta yi zafi ta huce, ta dawo zaure da buhu a ka.

Don haka ki yaga waccan takardar. Ki shiga ajinki, ki yi musu jarrabawa, ki duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, kada baƙin ciki ya sa ki yi wa ɗan wani sauri. In an yi hutu ki nemi izini yadda ya kamata.

Saƙon da ke hannun Lukman rabin ajiyar babanki ce, mun raba sauran a unguwa sadaka. Ki ɗiba wa maƙwabtanki, ki ce su sa shi a addu'a. Wannan halak ce, babu sauran ɗalibi a kanta.

Ki gaida Sadiq, ki ce na gode da ya sanar da mu. Ki shafa mini kan angona, ki ce masa in bai zo da tsaraba ba kada ya shigo mini ɗaki. Yayanki da matarsa Zubaida suna gaishe ku, haka Bushira, da Kawu Waliyyu da mutanen Maiyama duka. Gwaggonki ma ta ce in gaishe ki, ita ce ma ta zaɓa miki manyan ta ɗinke bakin buhun.

Ranar da kika duba takarda ta ƙarshe ki hau mota. Kada ki ji tsoron za ki makara, ni mai takaba ce, ba inda za ni. Ƙanzonki yana nan.

Allah Ya yi miki albarka.

Innarki,
Ummukulsum